Sabon Malami: Tsoro Ko Amana?

Karatun yau: 1 Timoti 4:12-16, Matiyu 18:1-6

A ce kai ne ka gama NCE, aka tura ka koyarwa a firamare a Zakka, cikin ƙaramar hukumar Safana. Ga tambayar da takardar shaidarka ba za ta amsa maka ba: in ka shigo aji, me kake so yara su ji, tsoro ko amana?

Sabon malami yakan fara da tsoratarwa. Aji a cike, shi kuma yaro ne ɗanye, yana gudun raini, sai ya ɗauki bulala. Aji kuwa ya yi tsit. Amma shiru daban, fahimta daban. Yaran Safana da Batsari, da ke bakin dajin Rugu, ba tsoro suka rasa ba. Akwai waɗanda suka taɓa gudu cikin dare saboda 'yan bindiga. Tun da aka sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, uwa ba ta sallamar ɗanta zuwa makaranta sai da addu'a a bakinta. Yaron da ya zo da fargaba, ka ƙara masa wata, ina ƙarin da ka yi masa?

Za ka ce, ai yaro sai da horo. Gaskiya ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma hannun da ya tanƙwara da fushi karya shi yake yi. Horo don amfanin yaro ake yin sa. Tsoratarwa kuwa girman malami take karewa. Kafin ka ɗaga hannu, tambayi zuciyarka wanne ne a ciki.

Timoti ma matashi ne sa'ad da aka ɗora masa aikin koyarwa a Afisa. Manzo Bulus bai ba shi sanda maganin raini ba. Ya umarce shi ya zama gurbi ta maganarsa da halinsa, ya kuma nace har kowa ya ga yana ci gaba. Ashe ba a gama malami ranar da ya kama aiki. Girma yake yi a gaban yaransa.

Ta yaya? Ka riga su isa makaranta. Ka san kowane yaro da sunansa. Ka shirya darasi tun da dare, abin da ya shige maka duhu ka tambayi tsofaffin malamai. In yarinya ta yi kwana uku ba ta zo ba, ka bincika. Ɗan Musulmi da ɗan Kirista, ɗan mai hali da maraya, ka auna su da mudu ɗaya. In albashi ya yi jinkiri, kada ka huce a kansu.

Yaro zai iya manta lissafin da ka rubuta a allo, amma ba zai manta malamin da bai taɓa zaluntarsa ba. Yesu ya yi kashedi mai tsanani ga mai sa ƙananan nan tuntuɓe. Iyaye da malaman makarantar Lahadi, ku ma wannan magana taku ce.

Addu'a: Ya Uba, ka cika malamanmu da Ruhu Mai Tsarki, ka ba su haƙuri da hikima. Ka tsare yaran Zakka da kewaye, ka maido da salama a ƙasarmu. Cikin sunan Yesu, Amin.