Wa Zai Shaidi Alfijir a Cikin Birni?

Malaman fiƙihu sun raba alfijir gida biyu. Akwai na ƙarya, wani haske siriri da ke miƙewa tsaye daga gabas tun dare bai gama wucewa ba. Akwai na gaskiya, wanda ke shimfiɗuwa a gicciye a gindin sama yana ƙara faɗi. Da shi mai azumi ke kame baki, da shi sallar Asuba ke shiga. Masana taurari sun ce na ƙaryar hasken rana ne da ke dukan ƙurar da ke yawo tsakanin duniyoyi, kuma rauninsa ya kai sai a wuri mai duhu sosai ake ganinsa. To, a cikin Kano ta yau, wa ya taɓa ganinsa da idonsa?

Na yi wa ladanin masallacinmu wannan tambaya. Ya yi dariya, ya nuna mini takardar lokutan salla da aka manna a bango kusa da agogo, gefenta duk ya naɗe. "Malam, ga alfijir ɗina nan," in ji shi. Ya ce mahaifinsa da fitowar gamzaki yake shirin kiran assalatu, amma shi in ya duba gabas, fitilar sola ta bakin titi da ta gidan mai ce ke cika masa ido.

Takardar nan lissafi ce, kuma lissafin ya dogara ga lamba guda: digiri nawa rana take ƙarƙashin gindin sama lokacin da hasken farko ya keto. Ƙungiyar Rabiɗa ta ɗauki 18, Masar 19.5, jadawalin Ummul Ƙura 18.5, wasu a Amurka 15. A ƙasashenmu kowane digiri kusan minti huɗu ne, kuma mai sahur ya san darajar minti huɗu. A Indonesiya hukuma na aiki da 20, amma ƙungiyar Muhammadiyah ta koma 18 a 2021, Asubarta ta ja baya da kusan minti takwas. Cikin abin da suka dogara da shi har da wata 'yar na'ura mai suna Sky Quality Meter, wadda ake ɗaga wa sama ta ba da lamba: kusan 22 a daji mai duhu, 17 ko 18 a tsakiyar babban birni. Masu ja da su suka ce a kula da inda aka yi awon. Hasken gari yakan binne farkon alfijir, sai na'ura da ido duka su gan shi a makare. Wato fitilunmu sun shiga tsakaninmu da shaidar da za ta raba gardamar.

Hasken nan na gari kuma ƙaruwa yake yi. Binciken da Christopher Kyba ya jagoranta, wanda ya fito a 2023, ya tattara rahoto sama da 50,000 daga mutanen da suka duba taurari da ido tsakanin 2011 da 2022. Ya nuna sama tana ƙara haske da kusan kashi 10 cikin ɗari duk shekara, har jaririn da aka haifa inda ake ganin taurari 250 zai iske 100 kawai suka rage ranar da ya cika shekara 18. Taswirar da Fabio Falchi da abokansa suka fitar a 2016 ta sa Chadi cikin ƙasashen da samansu ya fi tsabta. Na san abin da Bachade zai ce: rashin wuta ne ya jawo mana wannan yabo, ku zo ku karɓa ku ba mu lantarki. Gaskiyarsa. Wanda yara suka yi wa ihun "an kawo wuta" a unguwa ba zai tsaya yi wa mutane wa'azin duhu ba, balle a lokacin da fitilar ƙofar gida ke korar ɓarawo.

Duk da haka ban yarda cewa babu abin da aka rasa ba. Sallar wanda ya bi takarda ta inganta, wannan ba na ja. Sai dai takardar daga ido ta samo asali. Wasu ne suka tsaya suka duba, sannan aka mayar da abin da suka gani lamba. In babu sauran mai iya dubawa, lambar ta zama abin da ake karɓa kawai, ba mai iya gyara ta in ta karkace. Kuma addinin nan ya yawaita tura mutum ya ɗaga kai. Hujjar da Annabi Ibrahim ya kafa wa mutanensa a Suratul An'am da tauraro ta fara, kafin wata, kafin rana. Manomanmu da taurari suke ƙirga damina, Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, kowanne da kwanakinsa 13. Yaron da ya tashi bai taɓa ganin Kaza da 'ya'yanta ba zai haddace ayoyin taurari, amma da labari zai san abin da suke nufi.

A ganina duhun dare dukiyar jama'a ce kamar burtali: ba na kowa ba ne, shi ya sa kowa ke ɗan ci daga gefensa har ya toshe. Hasken da ya tashi sama kuwa bai haska wa mai tafiya hanya ba, bai tsare shagon kowa ba, kuɗi ne aka ƙona, kuma malamai sun san sunan wannan: almubazzaranci. Gyaransa ba ya bukatar a kashe fitila. A sa mata hula ta kalli ƙasa, a zaɓi ƙwai mai ɗan ja-ja maimakon farin nan mai kashe ido, wanda ya fi watsuwa a iska, a rage ƙarfinta in dare ya raba. Masallatai ya kamata su fara, musamman manyan fitilun da ake ɗaurawa a kan hasumiya suna kallon gabas. Kwamitocin ganin wata kuma, tun da sun saba fita bayan gari, su riƙa ware wasu darare marasa farin wata su je duban alfijir, da ido da na'ura, su rubuta abin da suka gani da lokacin da suka gan shi.