Fasali ga Muridin da Hanya ta Rabu Masa Biyu

Muna farawa da sunan Allah, muna gode masa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa muridi, Allah shi datar da mu da kai, akwai lokacin da zama kan yi wa bawa ƙunci. Shina son barin sana'a, ko tashi daga gari, ko ajiye muƙami, ko komawa gaban malami bayan furfura ta fito. Sai shi kwana jiran sabon mafarki, wani ma har shi tafi wurin masu duba, Allah shi tsare mu. To, wanda ya ɓace a daji sawunsa shi kan bi da baya, har shi iske inda ya saki hanya. Kai ma waiwaya ka dubi abin da Allah ya jefa a zuciyarka tun farko, gama sau da yawa amsar tana can.

Dubi Imamu Gazali, Allah shi yarda da shi. Shina karantarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, almajirai ɗari 3 a gabansa, sarakuna suna girmama shi. Shi da kansa ya ba da labari cewa ƙishirwar sanin gaskiya tana tare da shi tun shina yaro. Da ya auna halinsa, sai ya ga niyyarsa ta karkata ga neman suna da ɗaukaka. Ya yi kusan wata 6 shina kai da komowa, yau shi ƙudura tafiya, gobe shi warware, har Allah ya ɗaure harshensa ya kasa karantarwa. A shekara ta 488 bayan Hijira, wato 1095, ya fita Bagadaza ya nufi Sham. Ƙishirwar nan ta ƙuruciya ita ya koma ya bi. Kuma bai tashi ba sai da ya tanadar wa 'ya'yansa abin ci. A shekara ta 499 ya koma karantarwa a Naisaburi, bayan ya shawarci ma'abota zukata. Aikin shi ne na da, niyya ce ta sake.

In kana son bin wannan tafarki, lizimci abu uku.

Na farko, keɓe kanka bayan wuridin dare, da alwala, fuskarka ga alƙibla. Tuna ranar da ka karɓi ɗarika, me ya kai ka? Tuna karatun da ya taɓa sa ka kuka, da maganar mahaifi ko malami wadda ta ƙi barin kunnenka, da aikin alherin da ka yi ba wanda ya gani, ka ji sanyinsa. Ƙidaya su ɗaya ɗaya, ka ga ina suka fuskanta.

Na biyu, auna su. Malaman tasawwufi sun kasa abin da ke ɗarsuwa a zuciya kashi 4: na Ubangiji, na mala'ika, na son rai, da na Shaiɗan. Son rai abu guda shi kan nace a kai, kamar yaro da alewa. Shaiɗan kuwa in ka toshe masa ƙofa sai shi zaga wata. Na Ubangiji shi ne mai tabbata, shekaru ba su tsufar da shi, kuma shi kan bar ƙanƙan da kai da tsoron Allah a bayansa. Duk wanda ya bar maka jiji da kai ko raina 'yan'uwa, yar da shi ko da ya zo da haske.

Na uku, kai abin da ya saura gaban shari'a. Ilhamin da zai sa ka bar iyali da yunwa, ko ka gudu da bashin mutane a wuyanka, ƙarya ne. In shari'a ta wanke shi, yi sallar istihara raka'a 2, sa'an nan ka faɗa wa shehinka ba ɓoye kome.

Kada kuma ka yi gaggawa don buɗin ya daɗe. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ga Shehu Abdulƙadiri Jilani a cikin buɗi shina ɗan shekara 40, wajen 1794, amma ya ci gaba da karantarwa a Degel, bai yi hijira zuwa Gudu ba sai 1804. Abin da ya zo daga Allah ba shi ruɓewa don jira. Amma in hanya ta bayyana, kada ka ce sai baɗi, gama ba ka san ko likkafaninka na kasuwa ba.

Ya Allah ka nuna mana gaskiya, ka ba mu ikon bin ta, ka cika mu da imani, albarkacin Annabi da waliyyanka. Amin.