Teburin Martha Stewart da Iyakar Rufin Asiri

A shirye-shiryen girki na talabijin akwai wata dabara da kowa ya sani amma ba mai damuwa da ita. Mai gabatarwa za ta kwaɓa fulawa, ta zuba a gwangwani, ta tura cikin abin gashi, sai nan take ta juya ta ɗauko wani kek da ya riga ya gasu tun safe, ya yi ja yadda ake so. Wanda aka kwaɓa a gabanmu ba mu taɓa ganin ƙarshensa ba. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan dabarar sarai, domin mu ma muna yin ta. Ranar da za mu nuna wa mai aiki abin da muka gina, hanyar da muka tabbata ba ta da matsala ita muke bi, maɓallin da muka san yana karya komai kuwa ko kusa da shi ba ma zuwa. Idan aka tafa mana mukan koma gida da ɗan nauyi a zuciya, muna tambayar kanmu: shin ƙarya muka yi, ko kuwa gyara zama kawai muka yi saboda baƙo?

Ba mu san wanda rayuwarsa ta fi dacewa da wannan tambaya kamar Martha Stewart ba. An haife ta a 1941 a jihar New Jersey ta Amurka, a gidan 'yan asalin Poland masu 'ya'ya shida. Wajen mahaifiyarta ta koyi girki da ɗinki, wajen mahaifinta ta koyi aikin lambu. Ta yi karatu a Kwalejin Barnard, ta yi dillancin hannun jari a Wall Street, sannan a 1976 ta fara sana'ar dafa abincin biki daga gidanta a Westport, jihar Connecticut. Littafinta na farko, Entertaining, ya fito a 1982, mujallar Martha Stewart Living ta biyo baya a 1990, shirin talabijin kuma a 1993. Zannuwan gado da tawul da kayan kicin masu ɗauke da sunanta suka cika kantunan Kmart. Da kamfaninta ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a 1999, dukiyarta ta kai dala biliyan ɗaya. Duk wannan daga koya wa mutane yadda ake ninke zanin gado da yadda ake jera faranti.

Masu sukar ta sun daɗe suna cewa abin da take sayarwa mafarki ne. Teburin da muke gani a hoto, hannuwa da dama ne suka shirya shi: masu girki, masu kula da lambu, masu ɗaukar hoto, da waɗanda za su wanke tukwane bayan an kashe fitila. Matar da ta dawo daga aiki a gajiye, ta buɗe mujallar, sai ta ga kamar mace ɗaya ce ta yi komai, kuma ita ce ta gaza. Wannan suka tana da nauyi. Amma akwai abin da take tsallakewa. Aikin gida abu ne da aka daɗe ana raina shi, ana ɗaukarsa kamar ba ilimi ba ne. Martha ta ɗauke shi da muhimmancin da injiniya ke ɗaukar gada: ga ma'auni, ga lokaci, ga dalilin da ya sa ake yin kaza kafin kaza. Wanda ya bi umarnin da haƙuri yakan samu abin da aka yi masa alkawari, ko da teburinsa bai kai na hoto kyau ba.

A nan muke ganin kalmarmu ta rufin asiri tana da amfani. Uwargidan da ta aro manyan kwanuka daga maƙwabciya saboda baƙi, ko magidancin da ya sa babbar rigarsa tilo ya je ɗaurin aure alhali bai karya ba, ba wanda zai kira su maƙaryata. Dalili kuwa biyu ne. Na farko, baƙon ya san al'adar, shi ma a gidansa haka ake yi, don haka ba a yaudare shi ba. Na biyu, babu wata shawara da zai yanke a kan kwanukan da za ta jawo masa asara. Da zarar ɗaya daga cikin biyun nan ya faɗi, abin ya canza suna. Wanda ya aro mota don a ba shi bashi, ko don a ba shi 'ya, ya fita daga rufin asiri.

Idan muka auna shirin Martha da wannan ma'auni, yawancinsa yana tsira. Mai kallo ya san talabijin yake kallo. Inda ta faɗi wani wuri ne daban, kuma kuɗin da ya jawo faɗuwar bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da dukiyarta. Ranar 27 ga Disamba 2001 ta sayar da hannun jarinta 3,928 na kamfanin magunguna ImClone, kwana ɗaya kafin a ji cewa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ƙi karɓar takardun maganin kansa na kamfanin, Erbitux. Farashi ya faɗi, ita kuma ta tsira daga asarar kusan dala 45,000. Da masu bincike suka tambaye ta, ta ce tun da can akwai yarjejeniya tsakaninta da dillalinta cewa a sayar idan farashi ya sauka ƙasa da dala 60. Masu taya alƙali yanke hukunci ba su yarda ba. A Maris 2004 aka same ta da laifin haɗa baki, da kawo wa shari'a cikas, da yi wa jami'an gwamnati ƙarya. Mutane da yawa har yau suna zaton cinikin ne ya kai ta kurkuku, alhali abin da ta faɗa bayan cinikin ne. Ita dai ta ci gaba da cewa ba ta yi laifi ba, amma ta yi wata biyar a gidan yarin mata na Alderson a West Virginia, daga Oktoba 2004 zuwa Maris 2005.

Ba mu shiga zuciyarta ba, kuma ba za mu ce shekarun gyara tebur ne suka koya mata gyara labari ba. Abin da muke iya gani shi ne inda iyakar take. Rufin asiri yana aiki ne a wurin da ba a yi tambaya ba. Idan wanda ke da haƙƙin sani ya tambaya kai tsaye, to babu sauran mayafi. Mai aikin da ya ce mana, "Wannan maɓallin fa, yana aiki?" ya raba mu da duk wani uzuri, sai dai mu faɗi gaskiya ko mu yi ƙarya.

Abin da ya fi damun mu shi ne sharaɗin farko, wato sanin al'ada. A zamanin Martha akwai gilashin talabijin da ke tuna wa mai kallo cewa wasa ne aka shirya. Yanzu a Instagram da TikTok, wadda ke nuna falonta da jeren kicin ɗinta tana kama da maƙwabciya, tana magana kamar ƙawa, kuma mai kallo tana kwance ita kaɗai da tsakar dare da waya a hannu. Ba ta ganin fitilar ɗaukar hoto, ba ta ganin 'yar aikin da aka ce ta matsa gefe, ba ta san kujerun na talla ba ne. Sai ta yanke shawara a kai: ta ci bashi, ko ta tsangwami miji, ko ta raina kanta. Mu da ire-irenmu muka gina abin da ke goge tabon fuska da abin da ke zaɓar wane hoto zai fara bayyana, don haka ba za mu tsaya gefe mu ce laifin masu ɗorawa ne kaɗai ba. Sannan mai kallon nan ba ta da wanda za ta tambaya kai tsaye.

Martha ta fito daga Alderson ta ci gaba da harkarta, har ta yi shirin girki da mawaƙi Snoop Dogg a 2016, jama'a kuma kamar sun ƙara son ta bayan sun ga tabonta. Daren da aka sake ta, ta hau jirgi sanye da wani mayafin saƙa mai ruwan toka, wanda wata fursuna 'yar'uwarta ta saƙa mata da ƙoshiya. Hoton ya zaga duniya, mata suka yi ta neman yadda ake saƙa irinsa, kamfanonin zare suka fitar da tsarinsa. Mutane suka riƙa kiransa mayafin Martha. Wadda ta saƙa shi kuwa tana can ciki tana ƙarasa wa'adinta.