Doki, Alfadari da Jaki: Me Ƙarfi Yake Yi wa Mai Shi?

A wurinmu doki dabbar girma ce. Da an ce hawa, abin da ke zuwa mana a rai shi ne ingarma da kayan ado, ana kiɗa ana kirari. Shi ya sa duk wanda ya karanta Littafi Mai Tsarki na Kiristoci da idon Bahaushe zai yi mamakin yadda littafin yake ɗari-ɗari da doki. A cikinsa jaki ne dabbar gida, ta kaya da tafiya. Doki kuwa kusan duk inda aka ambace shi yaƙi na biye, domin a wancan zamani dawakin da ke jan karusa su ne makami mafi sauri kuma mafi tsada. Da karusai 600 zaɓaɓɓu Fir'auna ya bi Isra'ilawa, kamar yadda littafin Fitowa ya faɗa, kuma da su teku ta rufe.

Tambayar da wannan ya jefa mana ita ce: shin ƙarfi kayan aiki ne kawai da ba ruwansa, ko kuwa yana canza wanda ya tara shi? Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun saba da amsa ta farko. Mukan ce wuƙa ba ta da laifi, mai riƙe da ita za a tambaya. Labarin doki a wannan littafi yana nuna cewa maganar ba ta kai ƙarshe ba.

A sura ta 17 ta Maimaitawar Shari'a an kafa wa sarkin Isra'ila doka: kada ya tara dawaki da yawa, kuma kada ya mai da mutane Masar don neman ƙarin dawaki. A wurin ne aka hana shi tara mata da tara azurfa da zinariya, aka kuma ce ya rubuta wa kansa dokar ya riƙa karantawa. Ba a haramta dokin kansa ba. Hasali ma a sura ta 39 ta littafin Ayuba an yi wa dokin yaƙi yabo mai tsayi: yadda yake tonon ƙasa da kofato, yake jin ƙanshin yaƙi daga nesa, ba ya ja da baya don takobi. Abin da aka ji wa tsoro shi ne tarawa, kuma littafin ya nuna dalilai uku.

Na farko, dogaro yana bin abin da mutum ya mallaka. Zabura ta 20 da ta 33 duk sun yi gargaɗi a kan jingina ga doki, shi ma Ishaya a sura ta 31 ya tsawata wa masu gangarawa Masar neman taimako saboda yawan karusanta. Mai barga cike da dawaki yakan daina tambayar ko yaƙin nan daidai ne, ya koma lissafin ko zai ci.

Na biyu, wani ne ke biyan kuɗin. Lokacin da mutane suka nemi a naɗa musu sarki, Sama'ila ya faɗa musu cewa sarkin zai kwashe 'ya'yansu maza su zama masu karusai da mahaya, wasu su riƙa gudu a gabansa. A riwayar littafin Sarakuna na Ɗaya, Sulemanu ya hau gadon sarauta ne a kan alfadarin mahaifinsa Dawuda, alhali ɗan'uwansa Adonija, da ya nemi sarautar, shi ne ya tanadi karusai da mahaya da mutum 50 masu share masa hanya. Amma daga baya Sulemanu ya mallaki karusai 1,400, ana sayen karusa daga Masar a kan shekel 600 na azurfa, doki kuma shekel 150. Bayan rasuwarsa jama'a suka zo wurin ɗansa Rehobowam suna roƙon a sassauta musu nauyin da aka ɗora musu. Ya ƙi, mulkin ya rabu biyu.

Na uku, mai sayar maka da ƙarfi yana riƙe da ragamarka. Masar ita ce gidan bautar da suka baro, kuma ita ce kasuwar dawaki. Sarkin da rundunarsa ta dogara da dawakin Masar dole ya riƙa lallaɓa Fir'auna. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Duk wanda ya gina sana'arsa a kan manhajar da wani kamfani ya mallaka ya san cewa ranar da aka ƙara farashi ko aka canza sharaɗi, ba shi da bakin magana.

Sai dai akwai ƙorafi mai nauyi. Wa'azin raina doki yana da daɗin ji ga wanda ba a kewaye garinsa ba. Littafin kansa bai ɓoye wannan ba: a littafin Alƙalawa, Sisera mai karusan ƙarfe 900 ya gallaza wa Isra'ilawa shekara 20. Shugaban da ya bar mutanensa hannu rabbana don ya tsira da tsarkin zuciyarsa, shi ma ya zalunce su. Muna ganin amsar tana cikin abin da Dawuda ya yi bayan ya ci sarkin Zoba da yaƙi: ya yanke agarar dawakin da ya kama, ya bar na karusa 100 kawai. Littafin Karin Magana ma ya yarda a shirya doki don ranar yaƙi, ya dai ce nasara ba daga dokin take ba. Ke nan abin da ake nema iyaka ce, kuma a labarin an kafa ta tun kafin a sami sarki ko barga. Da wuya mutum ya yanka wa kansa iyaka bayan ya riga ya sa ƙafa a likkafa. Mu ma muna da maganar hawan dokin zuciya, kuma mun san inda mahayinsa yake sauka.

A Sabon Alkawari hoton ya ƙara fitowa. Zakariya ya yi maganar sarki mai tawali'u da zai zo a kan jaki, wanda a zamaninsa za a kawar da karusa da dokin yaƙi, kuma Kiristoci suna ganin cikar wannan a shigar Yesu Urushalima a kan jaki. Daga nan sai sura ta 6 ta Wahayin Yahaya ta saki dawaki huɗu: fari mai mahayi da baka da kambi, ja mai ɗauke salama daga duniya, baƙi mai mahayi riƙe da ma'auni, da kuma koɗaɗɗe wanda Mutuwa ke kai. Na ukun ya fi tsaya mana a rai. Ba takobi a hannunsa. Murya ce kawai ke sanar da farashi: awo ɗaya na alkama a kan dinari, wato ladan yinin lebura, mai da ruwan inabi kuwa aka ce kada a taɓa su. Yunwar da ke biyo bayan yaƙi ta bakin kasuwa take shigowa, kuma talaka take fara samu.

Farin doki ya sake bayyana a sura ta 19, wannan karon da mahayin da aka siffanta da aminci da gaskiya, takobinsa daga bakinsa yake fita. Malaman Kirista sun daɗe suna saɓani a kan ko shi ne mahayin farko ko wani ne mai kama da shi. Saɓanin kansa darasi ne: launin doki bai isa ya gaya mana wane ne a kai ba. Duk mai neman iko farin doki yake hawa, da sunan ceto da ci gaba, sai dai mu duba abin da ke biye da shi.

Littafin bai ƙare da ƙyamar doki ba. A surar ƙarshe ta Zakariya an ce wata rana za a rubuta a kan ƙararrawar dawaki irin kalmomin tsarki da ke goshin babban firist. Dabbar da aka yi ta gargaɗi a kanta za ta zama abin keɓewa ga Allah. Kafin wannan rana, aikin da ya rage mana, ko doki muka samu ko muƙami ko manhajar da ke bibiyar dubban mutane, shi ne mu san nawa ya ishe mu, wa ke biyan kuɗin harawa, kuma a hannun wa linzamin yake.