Bayan An Kwance Igiya

Ya kai mai karatu, wataƙila ka taɓa ganin jan biri a kasuwar Madobi ko ta Kura, igiya a ƙugunsa, gardi yana kaɗa masa ganga, yara suna shewa. Wataƙila kuma tausayi ya kama ka, ka ce da za a saye shi a sake shi. To, a ina za ka sake shi?

Duba ƙasar da ke kewaye da kai. Ruwan madatsar Tiga ya mai da filayen Kadawa da Bunkure gonakin shinkafa da tumatir da masara, rani da damina. Albarka ce, amma biri ba shi da wurin zama a cikinta. In ka kwance shi a bakin gona, ya shiga masarar maƙwabcinka, kafin mako ya zagayo an harbe shi, kuma ba za ka ga laifin manomin ba. Ko da ka kai shi Dajin Falgore, sauran aiki. Yawanci tun yana jariri ake raba shi da uwarsa, sau da yawa bayan an kashe ta. Tuwo ya sani da ɓawon ayaba. Bai koyi kukan gargaɗi ba, bai san tsoron mutum ba, garken da ya tarar ma yana iya korarsa. Har tarin fuka yana iya ɗauka daga gare mu ya kai musu.

A Kalaba, tun 1991, ƙungiyar Pandrillus take karɓar marayun wani birin kurmi da ake kira dril. Sai an keɓe su an duba lafiyarsu, a haɗa su garke, su koyi zama da juna, sa'an nan a kai su kurmi mai shinge a gindin Dutsen Afi. Aikin shekaru ne, ba wanda yake tafa wa mai yinsa.

Mahalicci ya danƙa mana halittunsa amana, mai riƙon amana kuwa ba ya mayar da abu a lalace ya ce ya sauke nauyi. Ga kuma abin da ya fi ciwo: kuɗin da za ka miƙa wa gardi don ka fanshi wannan biri, da shi zai aika a kamo wani jaririn.