Gani Ba Ci Ba Ne: Mai Kallon Jirgin Ƙasa Ɓata Lokaci Yake?

A wani ƙaramin gari na Amurka da ake kira Roshel, cikin jihar Ilinoi, layukan dogo biyu sun gitta juna, na kamfanin Union Pacific da na BNSF. A 1998 garin ya buɗe wata rumfa a gefen mahaɗar, don masu kallo kawai. In lokacin zafi ya zo, wanda shi ne bakansinsu, mutane sukan taho daga nesa da kujeru da gorar ruwa da kyamara, su zauna tun hantsi. Ba tahiya gare su ba, ba kuma baƙo suke tarya ba. Da jirgi ya yi jiniya sai su miƙe, wannan ya ɗauki hoton kan jirgi, wancan ya ƙidaya taragu, wani ya rubuta lamba cikin kaye. Jirgi ya wuce, su koma su zauna jiran na baya.

Al'adar ta daɗe. A Ingila, cikin 1942, wani saurayi ma'aikacin reluwe mai suna Ian Allan ya buga ɗan littafi wanda babu komai ciki sai jerin lambobin kawunan jiragen kamfaninsu. Yara ƴan lakwal suka yi ta saye, suna tsayawa a tashoshi, duk lambar da suka gani da idonsu su ja mata layi.

Na san abin da za ka ce, ɗan uwa, don mu duka shi za mu fara cewa: ƙoshi ne. Wanda ya ci ya sha, shi ke da sukunin zama cikin rana yana kallon ƙarfe. Mu da ke fama da kuɗin fotokofi da haya, muna jiran konkur ɗin da ba a san ranarshi ba, ina mu ina wannan? Hausawa ma sun ce gani ba ci ba ne. Maganar tana da nauyi. Kyamara kuɗi ce, zuwa tasha kuɗi ne, kuma ciki mai yunwa ba ya sha'awar lamba.

To amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: lokaci ne ba mu da shi? Je ka fada kowace unguwa bayan la'asar, a Zinder ko a Tahoua. Shayi na ɗaya, na biyu, na uku, belot, kowa kanshi sunkuye bisa waya har isha'i. Mu ma ƴan kallo ne, har mun fi mutanen Roshel daɗewa a zaune. Tambayar da ta rage ita ce wane irin kallo muke yi.

A ganina kallo iri biyu ne. Akwai wanda abin kallon ke zaɓarka: bidiyo ya ƙare, wani ya hau da kanshi, awa biyu ta tahi, in an tambaye ka me ka gani ba ka iya faɗin uku. Akwai kuma wanda kai ke zaɓa, ka tsaya kan abu guda, ka jira shi, ka koma gobe. Wannan shi ake kira lura. Mai kallon jirgi ya san jirgin kwantena daga na hatsi tun daga nesa, ya san wanda ya makara, ya san kan jirgin da aka sake wa fenti. Jirgin ba nashi ba ne, ba ya ba shi ko dala, direban ma bai san da shi ba. Nan darajar abin take. Yawancin kallon da muke yi wa duniya na mai buƙata ne: wannan zai amfane ni? wannan zai ba ni aiki? Wanda ya saba kallon abu don abin kanshi ya koyi wani ladabi, wato ya yarda akwai abubuwa masu daraja da ba don shi aka yi su ba. Wanda ya iya yi wa ƙarfe wannan ladabi, da wuya ya kasa yi wa mutum.

Kuma lura tana haihuwar shaida. Tsakanin 1955 da 1960 wani mai hoto, O. Winston Link, ya yi ta bin layin Norfolk and Western cikin ƙananan garuruwan Bajiniya, da kuɗin aljihunshi, yana ɗaukar jiragen gawayi na ƙarshe, galibi da dare. A 1960 kamfanin ya daina aiki da su. Yau hotunan suna da gidan tarihi nasu a tsohuwar tashar Roanoke, kuma ba jirage kaɗai ke ciki ba: akwai yara suna wanka, tsofaffi a shago, rayuwar garuruwan da ta shuɗe.

Yanzu mu dawo gida. Nijar na cikin ƙasashen da ba su da jirgin ƙasa mai aiki. Na mulkin mallaka ya tsaya a Parakou ta wajen Benin, ta wajen Najeriya kuwa ya tsaya a Ƙaura Namoda da Nguru, sauran hanyar sai kamiyo. A 2014 aka fara shimfiɗa layi daga Yamai zuwa Dosso, wajen kilomita 140, aka yi bikin buɗewa a farkon 2016, amma bai taɓa zama hanyar fasinja da kaya ta yau da kullum ba. Mu nawa muka bi gudron ɗin Dosso muka ga ƙarahunan nan ta tagar mota? Mu nawa muka ɗauki hoton wuri guda shekara bayan shekara, da kwanan wata? Da akwai irin wannan kaye, da ba gardamar fada za mu riƙa yi ba kan abin da ya samu layin. Gani ya kori ji. Ga kuma layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinshi a 2021, zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya. In Allah ya kawo shi, ranar biki kowa zai ɗaga waya. Bayan wata shida fa, wa zai san ko yana zuwa kan lokaci, ko taragun sun ragu? Jama'ar da ba ta da masu lura, abin da aka faɗa mata a rediyo shi ne gaskiyarta.

Sai dai kar a ɗauka kowane kallo ne nake yabo. Mun sha ganin hatsari a bakin hanya, mutum kwance cikin jini, samari zagaye da shi kowa na ɗauka. Su ma "shaida" za su ce suna yi. Ma'aunin da nake gani shi ne: abin da kake kallo yana buƙatar hannunka? Jirgi ba ya buƙata, don haka ido ya ishe shi. Mai rauni yana buƙata, kuma duk wanda ya ba shi ido ya hana shi hannu ya zalunce shi. Haka hoton ma: in gaggawar turawa a Facebook ta sa ba ka ga jirgin ba sai ta gilashin waya, ka koma kallo na farko ba ka sani ba.

Ba sai mun jira jirgi ba, ƴan uwa. Akwai tashar mota, akwai kasuwar dabbobi, akwai gulbi da ranar da ruwa ke sauka cikinshi kowace damina, akwai tsofaffin gine-ginen birnin Damagaram da ke rushewa ɗaya bayan ɗaya. Zaɓi guda. Sayi kaye da bik, sa kwanan wata, ka koma mako mai zuwa. Za a ce maka ba ka da aikin yi. Ka yi haƙuri da su. Bayan shekara goma, wurinka za su zo tambaya.