Gawa a Cikin Gilashi: Izina ce ko Kallo?



Wani ɗalibi da ke shirin tafiya Masar ya tambaye ni: "Malam, ya halatta in shiga gidan tarihi in ga gawarwakin Fir'aunoni?" Tambayar gajera ce, amma wallahi ta hana ni sakat.

Ranar 3 ga Afrilu 2021 aka kwashe gawa 22, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, daga tsohon gidan tarihi na Tahrir zuwa sabon gida a Fusɗaɗ, cikin Alƙahira, da kiɗa da fitilu, duniya tana kallo a talabijin. Alhali a ƙarshen mulkinsa, Shugaba Anwar Sadat ya sa an rufe ɗakin waɗannan gawarwaki, ya yi shekaru a rufe, don yana ganin baje su bai dace ba. Kun ga su kansu Misrawa abin ya taɓa damun su.

Masu cewa babu laifi suna kafa hujja da aya ta 92 ta Suratu Yunus, inda Allah Ya ba da labarin tsirar da jikin Fir'auna don na baya su wa'aztu. Gaskiya ne. Amma fa ayar kan mutum ɗaya take magana, kuma masu bincike ba su haɗu kan ko wane ne ba: wasu sun ce Ramsis na Biyu, wasu sun ce ɗansa Marnabtah. To sauran fa? Wa ya ba mu izinin yaye musu likkafani?

Asali a shari'a shi ne a suturta mamaci. Darasin farko da ɗan Adam ya koya game da gawa, hankaka ne ya koya masa: ya tona ƙasa ya rufe ɗan'uwansa. Annabi (SAW) ya miƙe tsaye da aka wuce da jana'izar Bayahude, saboda shi ma rai ne. A Badar ma bai bar gawar waɗanda suka yaƙe shi a fili ba.

Sannan ɗaukar izina tana da ladabinta. A shekara ta 9 bayan Hijira, kan hanyar Tabuka, da aka iso Hijr, garin Samudawa, Annabi (SAW) ya rufe kansa ya ƙara sauri, ya kuma hana shiga gidajensu sai ga mai kuka. To ka kwatanta wannan da mai tsayawa gaban gawa yana raha da abokai.

Akwai kuma tambayar da ba a son yi: gawar wa ake sa wa a gilashi? Sarah Baartman, 'yar Afirka ta Kudu, ta rasu a Paris a 1815. Aka baje ƙasusuwanta a gidan tarihi har cikin shekarun 1970, sai a 2002 aka mayar da ita gida aka binne. A Yulin 2020 Faransa ta mayar wa Aljeriya ƙoƙon kai 24 da aka kwasa zamanin mulkin mallaka. Ka taɓa ganin wanda ya kai gawar mahaifinsa a yanka tikiti a kalla? Kullum gawar wanda ba shi da mai tsaya masa ce.

Kada mu yi saurin zagin Turawa dai. Mu ma muna da namu gidan tarihin a aljihu. A yi hatsarin mota, kafin a nemo zanen rufe mamaci an zaro waya, kafin uwarsa ta ji labari ta ga fuskarsa a Facebook ko WhatsApp. Mu rubuta "Innalillahi" a sama, mu ɗauka mun yi wa'azi. Ai wannan tonon asiri ne, ɗan'uwa, kuma mamacin ba shi da bakin da zai ce a daina.

Ɗalibin nan ban ce masa haramun ba ne. Na ce masa: ilimin tarihi da na likitanci suna da hakkinsu, ana iya nazari ba tare da an mayar da mutum abin kallo ba. In ka shiga, ka shiga kamar mai ziyarar maƙabarta, ka kame bakinka, ka tuna wannan da ke kwance ya taɓa mulkin ƙasa, yau bai iya korar ƙuda. In kuwa ka san sha'awar kallo ce kawai ke jan ka, to ka haƙura.

Allah Ya suturta mu muna raye, Ya suturta mu bayan mun mutu. Wallahu a'alam.